Gyaran Ɗakin Ajiya da Sauya Tagoginsa Kafin Saukar Damina

Gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu na ƙasar Gumel, tun daga cikin garin Lautai har zuwa Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, da kuma maƙwabtanmu na tsallaken iyaka da ke kama mu daga Nijar.

Yau dai ba maganar girki za mu yi ba, kwalliya ma mun ɗaga mata ƙafa. Ina so ne mu taka tare zuwa can ƙarshen gida, wajen garka, inda ɗan ɗakin nan na katako da kwano yake, wanda wasu ke ce wa sito. Nan ne uwargida kan tura buhun wake da na gyaɗa, da riɗi, da zoɓo, da busasshiyar kuɓewa, da fartanya, da harawar awaki. Ɗaki ne da ba a kai baƙo, shi ya sa ba a damuwa da shi. Amma in kin zauna kin yi lissafi, sau da yawa abin da ke cikinsa ya fi abin da ke ɗakin kwananki daraja, domin wahalar shekara guda ce a jibge.

Bari in ba ku labarin da ya sa na ɗauko wannan magana. Ina da goggo, ƙanwar mahaifina, a wani ƙauye cikin ƙasar Sule Tankarkar. A kakar 2021 ta sami wake mai kyau a gayaunarta, ta ƙara da wanda ta saya da kuɗin adashi, ta ajiye a sitonta da nufin sai damina ta yi nisa, wake ya yi tsada, ta sayar ta yi wa autarta kayan ɗaki. Tagar ɗakin tun tuni marfinta ya ɓalle, sai aka cusa kwali da tsumma. Na taɓa yi mata magana, ta ce da ni, “'Yar nan, ai shekara nawa tana haka ba abin da ya faru.” To sai ga daminar 2022, wadda duk mutumin Jigawa ba zai manta da ita ba saboda yawan ruwa da rushewar gidaje. Ruwa ya riƙa bugowa ta wannan taga yana sauka a kan buhuna, ba wanda ya lura, domin buhunan gaba lafiyarsu ƙalau. Ranar da aka zo fitarwa, na jikin bango duk sun yi fumfuna, wake ya dunƙule ya yi baƙi, ko akuya ba a ba wa ba. Da aka taɓa firam ɗin tagar kuwa, sai ya zube a hannu kamar garin tuwo, ashe gara ta daɗe da cinye cikinsa. Bikin dai an yi, amma sai da goggo ta sayar da tunkiyarta biyu. Abin da kafinta zai gyara a wuni guda, shi ya ja mata wannan asara. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To yaushe ya kamata a yi wannan gyara? Lokacinsa shi ne bazara, daga watan Maris zuwa Afrilu. A lokacin kaya sun ragu a ɗaki, ƙasa a bushe take, katako a bushe yake, kafintoci kuma ba su tafi gona ba. Kin san a wannan yanki namu ruwa ba ya zama sosai sai wajen watan Yuni, amma kafin ya zauna akwai iskar nan ta farkon damina mai yaye kwano. Wadda ta bari sai ta ga hadari ya haɗo sannan ta aika neman kafinta, ta makara.

Abu na farko, 'yar uwa, ki fitar da komai waje. Kada ki ce za ki duba ɗaki da kaya a ciki, ɓarnar tana bayan buhu. A yi hattara wajen ɗaga kaya, domin kunama da maciji suna son irin wannan wuri, kada ki tura yaro ya zura hannu a lungu. In an kwashe an share, ki shiga da hantsi ki rufe ƙofa, ki ɗaga kai. Duk inda kika ga haske yana shigowa ta kwano, nan ruwa zai shigo. Ki sa gawayi ki yi alama a katakon da ke kusa. Sannan ki ɗauki ƙusa babba ko tsohuwar wuƙa ki bi katakan ɗaya bayan ɗaya kina sokawa, musamman gindin ginshiƙai da ƙasan taga da ƙasan ƙofa. Katako mai lafiya ba ya karɓar ƙusa da ƙarfin hannu. In ta shige kamar kin soka kabewa, ya mutu. Ki ƙwanƙwasa kuma ki ji, in ya yi ƙarar abin da ba komai a cikinsa, gara ta riga ki. Ki duba hanyar nan ta jar ƙasa da gara ke ginawa a jikin bango ko katako, ki bi ta har inda ta fito. In kuma kin ga gari-gari yana zubowa daga ƙananan huji, wannan ƙwaro ne mai huda itace, shi ma ɓarnarsa ba kaɗan ba ce.

Abu na biyu, kada a fara da taga. Na san ita ce ta fi tsone ido, amma in aka kafa sabuwar taga a ɗakin da ginshiƙinsa ya ruɓe, ɗakin zai karkace, tagar ta ƙi rufuwa. A fara da ƙasa, a koma sama, sannan a zo tsakiya.

Gara daga ƙasa take fitowa, kuma danshi take bi. Saboda haka duk katakon da ya taɓa ƙasa kai tsaye, abincinta ne. A nan arewacin Jigawa muna da wata matsala ta daban, wato yashin da iskar hunturu ke tarawa a gindin gini. Shekara biyu ko uku in ba a kwashe ba, sai ki ga ya binne ƙasan katako, ya zama wa gara gada. A janye wannan yashi, a bar gindin ɗaki a fili, a yi masa ɗan gangare yadda ruwa zai gudu nesa. Kada a jingina itacen girki ko karan dawa a jikin ɗakin. Ginshiƙin da gindinsa kaɗai ya ci, ba lallai a jefar da shi duka ba. Kafinta zai tokare rufin da wani itace, ya yanke wurin da ya ruɓe har ya kai ga mai lafiya, ya ɗora shi a kan bulo ko dutse ko ɗan dakalin siminti da ya ɗaga daga ƙasa kamar taki guda. In kuwa dole sai an binne itace, iyayenmu suna da dabara, sukan babbaka gindinsa a wuta har ya yi baƙi kafin a kafa.

Wane itace za a sa? Wannan ma abin sani ne, don kada a yi miki sakiyar da ba ruwa. Magina na da sun fi yarda da azara, wato tsagin giginya, domin gara ba ta cika iya mata ba, shi ya sa za ki ga tsofaffin soraye da azararsu tana nan. Ƙirya da marke su ma itatuwa ne masu tauri da daɗewa. Sai dai duk waɗannan sun yi ƙaranci, kuma ƙasarmu tana bakin hamada, Jigawa na cikin jihohi goma sha ɗaya da ake aikin dasa itatuwa don tare kwararowarta. Don haka ba na ba kowa shawarar ya je daji ya sare ɗanyen itace saboda sito. Darbejiya, wadda wasu ke kira maina ko dogon yaro, tana ko'ina a garuruwanmu, in an yi mata sassabe reshenta yana yin ginshiƙi mai kyau, kuma ƙwari ba su cika son ta ba. Gawo kuwa a bar shi a gona ya yi wa ƙasa taki, itacensa ba ya daɗewa a gini. In katakon kasuwa za a saya, wanda ake kawowa daga kudu, ki sani farin nan mara nauyi ya fi araha, amma shi gara ta fi so. Jan katako mai nauyi ya fi tsada, ya kuma fi ƙarko. Ko da kuɗin bai kai a yi duka da ja ba, a yi ƙoƙari firam ɗin taga da na ƙofa su zama nasa. Araha dai ba ta ado.

Kowane iri aka saya, a tabbata busasshe ne. Ɗanyen katako in ya bushe a jikin gini murɗewa yake yi ya tsage. A kuma shafe shi da maganin gara kafin a kafa, ba bayan an kafa ba, domin bayan katakon da ke manne da bango shi ne ƙofar gara, kuma in an riga an buga ba mai iya kai hannu wurin. Kafintoci sun san Solignum, ana samunsa a shagunan kayan gini. Wasu kuma baƙin mai suke shafawa, wanda aka juye daga inji. Yana taimakawa, amma a tsaya da shi a gindin ginshiƙi da wajen ɗaki, kada ya kusanci inda buhun abinci zai jingina. Bayan an shafa magani a bar ɗakin a buɗe kwanaki, sai warin ya fita sannan a mayar da kaya.

Sai rufi. Kwanon da ya yi ƙananan huji ana iya liƙe shi da kwalta. Wanda tsatsa ta cinye har yana ɓarɓashi, sai dai a sauya. A bi ƙusoshin da suka ɗago, a cire a buga sababbi masu hula, kuma a kan tudun kwano ake bugawa, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a ɗaure katakon rufi da jikin ginshiƙi da waya mai kauri ko ƙarfen ɗauri. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da muke ɗorawa a kan kwano ba su hana babbar iska, in ma ta tashi, su ne ke faɗowa kan mutane.

Yauwa, yanzu mun iso taga. Tambayar farko ita ce, tana inda ya dace? Ku lura da kyau, hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma bangon gabas shi ya fi shan dukan ruwa. Tagar goggona a gabas take. In taki ma haka take, tunda an zo gyara, gara a toshe ta a buɗe wata a kudu ko arewa. Ɗakin ajiya ba ya son babbar taga. Ƙanana biyu masu kallon juna, a can sama kusa da rufi, sun fi babba guda ɗaya, domin zafi sama yake tashi, iska ta shiga ta nan ta fita ta can, kaya su sha iska, ɓarawo kuma bai sami wurin zura jiki ba.

Wajen awo a nutsu. Tsohon ɗaki ba ya rasa karkata, don haka a auna faɗin ramin tagar a sama da tsakiya da ƙasa, a auna tsawonsa ta dama da ta hagu, a ɗauki mafi ƙanƙanta. In babu tef a gida, ki sami karan dawa miƙaƙƙe guda biyu, ki yanke ɗaya daidai faɗi, ɗaya daidai tsawo, a kai wa kafinta. Kara ba ya mantuwa, ba kamar yaron da aka aika da lamba a ka ba. In an kawo sabon firam, ga yadda za ki gane ko a daidaice yake: ki ja zare daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, ki sake ja daga ɗaya kusurwar zuwa ɗaya. In tsawon zaren ya zo ɗaya, firam ya yi. In ya bambanta, a karkace yake, a mayar masa ya gyara tun bai kafa ba.

Wajen cire tsohuwar taga, a fara cire marfi, sannan a zare ƙusoshi a hankali, kada a fizge firam da ƙarfi a tafi da rabin bango. A duba katakon da ke kwance a saman taga, wanda ke ɗauke da nauyin abin da ke bisa. In ya ci, shi za a fara sauyawa. Sabon firam a shafe shi da magani, a yi masa fenti ta kowane gefe, har da bakin da aka yanka da zarto, domin ta nan katako ya fi shan ruwa. Katakon ƙasan taga a ɗan karkata shi waje don ruwa ya zube. Ratar da ta rage tsakanin firam da bango a cike ta, in bangon katako ne a rufe da siririn katako, in na ƙasa ne ko bulo a yaɓe. A saman tagar ta waje a buga ɗan guntun kwano ya zama mata hula.

Ga wani sirri da ba kowane kafinta zai gaya miki ba. Katako yana tsukewa da rani, ya kumbura da damina. Marfin da aka yi shi cif-cif a watan Afrilu, in Agusta ta zo ba zai rufu ba, ko kuma ya rufu ya ƙi buɗuwa. Ki ce ya bar 'yar rata kaɗan a kewaye, kamar kaurin tsinken ashana ko biyu. Marfin kuma ya riƙa buɗewa ta waje, sakata tana ciki, yadda in iska ta bugo ƙara danne shi za ta yi.

Gilashi fa? A ganina ɗakin ajiya ba ya bukatarsa. Luba tana da kyau a ɗakin kwana, amma a sito ƙura ce za ta cika ta, in ta fashe kuma ta zama abin yanka yara. Leda da kwali, kun dai ji abin da suka yi wa goggo. Abin da ake so shi ne sandunan ƙarfe, sai ragar waya mai ƙananan ido a bayansu, sannan marfi. Ragar ta zama ta ƙarfe, domin ta roba ɓera dare ɗaya zai huda ta. Wadda ke da hali, ta sa mai walda ya yi mata taga ta ƙarfe gaba ɗaya, ta huta da gara, sai dai ta riƙa yi mata fenti saboda tsatsa. Maganar ɓera kuma kada a ɗauke ta wasa. Bayan cin hatsi, fitsarinsa da kashinsa a kan abinci suna yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno. Don haka a duba ƙasan ƙofa ma, in da rata a buga mata guntun kwano.

Yanzu sai maganar kuɗi da ta mutane, wadda ita ce ta fi wuya. Na san akwai gidajen da in mace ta ce a gyara sito, sai maigida ya ce ai ba nan ake kwana ba. Kada ki yi faɗa, 'yar uwa. Ki nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki ja shi ya gani da idonsa, ki soka ƙusar nan a gabansa, ki lissafa masa buhu nawa ke kwana a ɗakin. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. In kayan naki ne, ki ware wani abu daga kwasar adashi, ko ki ɗebi 'yan kwanonin wake ki sayar. Tiya biyar da kika sayar kika yi gyara ta fi buhu biyar da ruwa ya ci. Kafinta kuma ya shigo da iznin maigida, da wani namiji na gida a tsaye. A yi jinga tun farko, a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, in da hali ɗanki ko ƙanin miji ya bi shi wurin sayen katako. A ba da kafin alƙalami, cikon kuma sai an gama kin buɗe tagar kin rufe da hannunki.

In an gama aiki a tsince tsofaffin ƙusoshi da guntayen kwano da fasasshen gilashi tas, tunda yaranmu ba takalmi suke yawo. Wanda ƙusa ta soka a wanke wurin da sabulu a kai shi asibiti a yi masa allurar tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki da sarƙe haƙora. Ruɓaɓɓen katako mai gara a ƙone shi nesa da ɗaki, amma wanda aka taɓa shafa wa magani ko baƙin mai kada a sa shi a murhun girki.

Wajen mayar da kaya, kada buhu ya zauna a ƙasa, kada kuma ya jingina da bango. A jera katako a kan bulo a ɗora, a bar ratar da hannu zai wuce ta baya. Hatsi ya bushe sosai kafin a ɗura. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da guba mai lahanta hanta, wanki ko dafuwa ba ya kawar da ita. Wake kuwa, ku nemi buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma tun 2007. In an ɗaure shi da kyau, ƙwari iska suke rasawa su mutu, ba sai an zuba magani ba. Ku tuna a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a jikinsa. Abin da Bature ya ƙi ci, mu ma bai kamata mu ba 'ya'yanmu ba. Haka zoɓo da riɗin da ake kaiwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, wasu har ƙasashen waje suke tafiya, zoɓonmu har Meksiko yake kaiwa. Mai saye launi da tsabta yake dubawa, kuma zoɓon da ya sha danshi ya yi baƙi ba ya kuɗi.

Goggona dai yanzu tagoginta biyu, ɗaya kudu ɗaya arewa, da raga da sakata, kuma duk bazara da kanta take zagaya ɗakin da ƙusarta a hannu. Ke ma aikin da na ba ki a wannan mako ke nan: gobe da hantsi ki shiga sitonki, ki rufe ƙofa, ki ɗaga kai ki duba. Abin da kika gani ki rubuto mana, ko ki aiko da saƙo, za mu karanta a fili na gaba in Allah Ya yarda.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana abin da muka tara, Ya ba mazajenmu ikon yi mana. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa.